Kujerar buhu mai tsada: yadda za ka gane ko ta cancanci kuɗinka kafin ka biya

Tambayar da masu niyyar sayen kujerar buhu suka fi yi ita ce: me ya sa kujeru biyu masu kama ɗaya, girma ɗaya, za ka ga kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar sau huɗu ko biyar? Kujerar buhu dai ita ce jakar nan ta zama wadda ba ta da katako ko ƙarfe, an cika ta da ƙananan ƙwayoyi ko yankakken soso, kana zama ta bi siffar jikinka. A ido duk ɗaya suke ranar farko. Bambancin yana ɓoye a wurare uku da hoton talla ba ya nunawa: cikon da ke ciki, buhun da ke riƙe da cikon, da ɗinki da zif. Idan ƙarin kuɗin ya tafi ga waɗannan ukun, ka sayi kaya. Idan ya tafi ga suna da kwali mai kyau, ka sayi talla. Ga matakan bincike a jere, kuma jerin yana da muhimmanci, domin mataki na farko kaɗai ya isa ya hana wasu kashe kuɗinsu.

1. Fayyace aikin da za ta yi

Ɗauki takarda ka rubuta amsar tambayoyi uku: wa zai zauna, sau nawa a mako, kuma na tsawon wane lokaci a kowane zama.

Wanda zai riƙa zama a kai kullum, awa ɗaya ko biyu yana karatu ko kallo, shi ne mai tsada za ta yi wa rana, saboda yawan zama shi ke kashe ciko da yadi. Wanda yake so ya ajiye ta a kusurwa don baƙo ko don ado, matsakaiciya ta ishe shi, ba zai taɓa gajiyar da ita har ya ga amfanin ƙarin kuɗin ba.

Gargaɗi: kujerar buhu ba ta maye gurbin kujerar aiki. Kujera ta yau da kullum tsayin mazauninta daga ƙasa kusan santimita 45 ne, ita kuwa wannan da ka nutse za ka samu kanka ƙasa da haka sosai. Dattijo, mai ciwon gwiwa ko ƙugu, mace mai tsohon ciki, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, duk tashi daga kanta zai ba su wahala, komai tsadarta. Mai ciwon baya ya nemi shawarar likitansa tukuna, kada ya dogara da kalmar "tana gyara baya" da ke jikin talla. Jariri kuma ba a kwantar da shi a kai ko na minti ɗaya, domin fuskarsa na iya nutsewa numfashi ya toshe.

2. Auna wuri, auna ƙofa

Kujerar buhu ta babban mutum mai siffar ƙwai tana cin faɗin santimita 90 zuwa 110 a ƙasa. Manyan nan na soso da mutum biyu ke hawa suna kaiwa 150 zuwa 180. Kuma idan an zauna tana baje wa gefe, sannan ƙafafun mai zama na buƙatar wurin miƙewa. Shimfiɗa jarida ko ka zana awon da alli a ƙasa, ka ƙara kamar santimita 60 ta gaba, ka bar shi kwana biyu ka ga ko yana tare hanya.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mantawa da ƙofa. Ta soso tana zuwa a matse, an zuƙe iskarta, a ƙaramin kwali. Da ta kumbura, fitar da ita daga ɗakin sai an yi da gaske. Buɗe ta a ɗakin da za ta zauna.

3. Binciki cikon, a nan rabin kuɗin yake

Tambayi mai sayarwa, ko ka karanta takardar bayanin kayan, wane irin ciko ne kuma lita nawa ko kilo nawa. Kamfanin da ya ƙi faɗin wannan, bai cancanci kuɗi mai yawa ba.

Ƙwayoyin folistirin, waɗanda ake rubuta wa EPS. Su ne fararen ƙwallayen nan marasa nauyi, jinsi ɗaya da farin abin da ake tare kayan lantarki da shi a kwali. Kusan kashi 98 cikin 100 na kowace ƙwaya iska ce, shi ya sa kujerar ba ta da nauyi, yaro ma zai ja ta. Suna gudana kamar yashi, suna tokare baya da kyau, ba sa riƙe zafi kamar soso. Aibinsu shi ne duk zaman da aka yi ana matse iskar da ke cikinsu, kuma ba ta dawowa. A hankali sai su lotse, kujerar ta kwanta, ka fara jin ƙasa a ƙarƙashinka. Mai zama kullum yakan ga hakan cikin watanni, ba shekaru ba. Wannan ba lahani ba ne na wani kamfani, halin abin ne, don haka ka sa ƙarin ciko a lissafinka tun yanzu.

A cikin EPS ɗin ma akwai daraja. Sabbin ƙwayoyi zagayayyu ne, girmansu ɗaya, galibi milimita 3 zuwa 5. Na arha sau da yawa niƙaƙƙen tsohon folistirin ne, gutsattsari masu kaifin baki, suna ƙara idan an motsa, suna fidda gari, suna saurin mutuwa. Ka matsa kujerar da yatsu: idan ka ji ƙwallaye santala-santala daidai wa daida, sababbi ne. Idan ka ji ɓarɓashi manya da ƙanana, niƙaƙƙe ne.

Ƙwayoyin EPP. Waɗannan na wata roba ce mai dawowa bayan an danna ta, don haka sun fi EPS daɗewa kafin su lotse. Sun fi tsada, kuma ba kowane kamfani ke amfani da su ba. Idan kujera mai tsada ta zo da EPP, wannan dalili ne na gaskiya na ƙarin kuɗi.

Ƙananan ƙwayoyi sosai, kimanin milimita 1 ko ƙasa da haka, cikin riga mai miƙewa. Suna da taushi ƙwarai, suna rungumar jiki. Amma rigar mai miƙewa tana saki da tsufa, kuma huda ɗaya ta isa ta watsa su ko'ina.

Yankakken soso. Shi ne a manyan kujerun da suka fi kowa tsada. Ba ya mutuwa da wuri kamar EPS, zamansa kamar na katifa mai laushi ne. Sai dai yana da nauyi, babba na iya wuce kilo 30, yana riƙe zafin jiki, yana dunƙulewa idan ba a juya shi, kuma ba ya tokare baya a miƙe, ya fi dacewa da kishingiɗa. Dole a riƙa mirgina kujerar ana bubbuga ta bayan 'yan kwanaki domin soson ya sha iska. Tambayi ko sabon soso ne aka yanka ko ragowar masana'anta ce aka tara. Alamar CertiPUR-US a jikin takardar tana nuna an gwada soson kan wasu sinadarai masu cutarwa da yawan warin da yake fitarwa.

Game da yawa: kujerar babba mai ƙwayoyi tana ɗaukar wajen lita 200 zuwa 350, ta yara 100 zuwa 150. Cikon da ya dace shi ne kashi biyu cikin uku zuwa uku cikin huɗu na buhun. Idan an cika ta fam za ta yi tauri kamar ƙwallo, ta kuma takura ɗinki. Idan an rage, za ka zauna a ƙasa.

Gargaɗi: wasu tallace-tallacen riga kawai suke sayarwa ba ciko, da ƙananan haruffa ake rubuta hakan. Karanta da kyau kafin ka kwatanta farashi. Kuma folistirin yana narkewa yana cin wuta, soso ma haka. Kada kujerar ta kusanci hita, kyandir, garwashi ko sigari.

4. Buhun ciki da riga

Zuge zif ɗin waje ka leƙa. Idan ka ga ƙwayoyi kai tsaye, kujerar ba ta da buhun ciki. Ka ajiye ta, ko nawa aka yabe ta. Kujerar da ba ta da buhun ciki ba a iya wanke ta sai an juye lita ɗari biyu ko uku na ƙwayoyi a wani wuri, kuma ranar da ɗinki ya ɓalle duk ɗakin zai cika. Wannan shi ne bambanci mafi girma tsakanin mai kyau da marar kyau, ya fi sunan kamfani muhimmanci.

Buhun ciki mai kyau yana da nasa zif, yadinsa yana barin iska ta fita idan an zauna, kuma girmansa ya kai na rigar ko ya ɗan fi. Idan ya yi ƙanƙanta, cikon ba zai kai kusurwoyi ba, kujerar za ta yi tauri a tsakiya ta yi fanko a gefe.

Sai rigar waje. A nan lambobi biyu za su taimake ka. Na farko gwajin Martindale, wanda ke ƙirga yawan gogar da yadi zai jure kafin ya fara cinyewa. Don zaman gida na kullum nemi 25,000 zuwa sama, idan da yara da yawa ko wurin jama'a ne, 30,000 ko fiye. Na biyu lamba ce mai harafin D a yadin roba, kamar 420D ko 600D, wadda ke nuna kaurin zaren. Mafi girman lamba, mafi kauri, amma kuma mafi kaushi a jiki.

Auduga mai kauri tana shan iska, ba ta sa zufa, amma tana kama tabo kuma tana iya tsukewa a ruwan zafi. Yadin roba mai kauri yana jure ruwa da datti, ana goge shi da tsumma, sai dai yana ƙara idan an motsa. Karammiski da yadi mai gashi suna da daɗin taɓawa, suna tara ƙura da gashin dabba. Fatar gaske tana daɗewa idan ana shafa mata mai, kuma ita ce mafi tsada.

Gargaɗi: fatar roba mai alamar PU tana sheƙi ranar saye, amma zafi da danshi da zufa suna sa fuskarta ta fara saɓulewa tana zuba kamar ɓawo bayan 'yan shekaru, kuma ba ta gyaruwa. Kada ka biya kuɗin fata a kan roba. Idan a waje za ka ajiye kujerar, sai yadin da aka yi don rana da ruwa, ciko kuma ƙwayoyi, domin soso idan ya sha ruwa ba ya bushewa da wuri, sai fumfuna.

Tambaya ta ƙarshe a wannan matakin: ana sayar da rigar ita kaɗai? Idan eh, kujerar na iya rayuwa sau biyu ko uku. Duba kuma takardar wanki ko tana shiga injin wanki, da alamar OEKO-TEX, wadda ke nuna an gwada yadin kan sinadarai masu cutarwa, idan akwai mai fata mai saurin ƙaiƙayi a gidan.

5. Ɗinki, zif da lafiyar yara

Juya bakin rigar ka ga bayan ɗinkin. Ana son layi biyu na ɗinki, da bakin yadi a ɗaure yadda ba zai warware ba. Kama gefe biyu na ɗinkin ka ja da ƙarfi: idan ramukan allura suka buɗe har haske ya ratsa, ba zai jure nauyin babba ba. Duba inda ɗinki uku ko huɗu suka haɗu, da gindin mariƙi, nan ne ake fara yagewa.

Zif ya zama mai manyan haƙora, yana tafiya ba sarƙewa, an rufe shi da leɓen yadi don kada ya karce daɓe. YKK suna ne da aka sani da inganci a zif, ganinsa alama ce cewa ba a yi rowa a ƙananan abubuwa ba.

Gargaɗi mai girma: zif ɗin da ke kaiwa ga ciko dole ya zama wanda yaro ba zai iya buɗewa ba. Irin wannan ba shi da mariƙin ja, yana kulle kansa, sai an zura kilif ɗin takarda ko siririyar waya sannan ya motsa. Ba kuskuren masana'anta ba ne, da gangan aka cire. A 2014 an janye kujerun buhu kimanin miliyan 2.2 daga kasuwa a Amurka bayan yara biyu sun buɗe zif, sun shiga ciki, sun shaƙi ƙwayoyi sun rasu. A Ostareliya doka ce kujerar ta zo da zif mai hana yara buɗewa da rubutun gargaɗi. Idan ka buɗe da kilif, cire shi da ka gama, kada ka bar shi a maƙale.

6. Zauna a kai na minti goma sha biyar

Minti ɗaya ba gwaji ba ne, kowace kujerar buhu tana da daɗi a minti na farko. Zauna yadda za ka zauna a gida, da littafi ko waya a hannu. Ka lura da abu huɗu: ko ɗuwawunka ya taɓa ƙasa, ko bayan kujerar ya tashi ya tokare kafaɗa da wuya, ko bayanka ya fara zufa, da kuma yadda ka tashi. Idan sai ka mirgina gefe ka dafa ƙasa kafin ka miƙe, tambayi kanka ko za ka yarda da hakan kullum.

Dogon mutum ya nemi mai siffar ƙwai ko mai doguwar jingina. Zagayayya gajera za ta bar kansa ba matokari.

Idan ta intanet za ka saya, ba damar gwaji, to ka nemi ra'ayin waɗanda suka yi wata shida ko shekara da ita. Yabon mako na farko ba ya gaya maka komai game da lotsewa.

7. Yi lissafin shekara, ba na rana ɗaya ba

Haɗa kuɗin saye, kuɗin kawowa, ƙarin ciko da sabuwar riga, ka raba da shekarun da kake sa ran za ta yi. Ga misali da lambobi na kwatance kawai, ka sa naka a wurinsu. A ce mai arha 100 ce, ka ƙara mata ciko sau ɗaya a kan 25, ta yi shekara 2 ɗinki ya ɓalle. Ka kashe 125, wato wajen 63 a shekara. A ce mai tsada 400 ce, ta yi shekara 8, ka sauya riga sau ɗaya a kan 80, ka ƙara ciko na 60. Ka kashe 540, wato wajen 68 a shekara.

Ka ga kusan kunnen doki ne. Abin da wannan ke nunawa shi ne mai tsada ba lallai ta rage maka kashe kuɗi ba. Abin da take ba ka shi ne zama mai daɗi a duk tsawon shekarun, riga mai wankuwa, da hutu daga sharar ƙwayoyi. Kuma lissafin yana tsayawa ne kawai idan da gaske za ka riƙe ta shekara takwas. Mai yawan ƙaura, mai kyanwa ko kare mai farce, da wanda yaransa za su girme ta nan da shekara biyu, lissafin ba ya goyon bayansu.

Kada ka sa ran sayar da ita da daraja daga baya. Kayan zama mai laushi da aka yi amfani da shi ba ya riƙe farashi.

8. Karanta garanti kalma bayan kalma

"Garanti na har abada" sau da yawa buhun ciki ko ɗinki kawai ya shafa. Nemi amsar waɗannan a rubuce: shekara nawa a kan riga, shekara nawa a kan zif, kuma lotsewar ciko tana ciki ko an ɗauke ta a matsayin tsufa na al'ada. Galibi ba ta ciki.

Sai sharuɗɗan mayarwa. Kwana nawa aka ba ka, wa zai biya kuɗin komawa, kuma ana karɓa bayan an buɗe? Ga ta soso wannan babbar magana ce, domin da ta kumbura ba za ka iya mayar da ita kwalinta ba, kuma aika kaya mai wannan girma yana da tsada. Tabbatar kuma cewa ana samun irin cikonta a saya daban. Kujerar da aka ɗinke buhun cikinta ruf, ba hanyar ƙari, ranar da ta lotse ta gama aiki.

9. Yanke hukunci

Biya kuɗin mai tsada idan za a zauna a kai kusan kullum, tana da buhun ciki mai zif na kariya, an faɗi irin cikon da yawansa, ana sayar da riga da ciko daban, kuma ka ji daɗin zama da tashi. Idan babu buhun ciki ko zif na kariya, ka bar ta ko da sauran sun cika. Idan duk sun cika a wata matsakaiciya mai rabin kuɗin, ita za ka ɗauka, sau da yawa a tsakiyar farashi ake samun wadda ta fi dacewa.

10. Kwanakin farko da ƙarin ciko

Ta soso: yanke ledar da almakashi a hankali, kada wuƙa ta taɓa buhun. Farfasa dunƙulen soson da hannu ta waje, ka mirgina ta sau da yawa a rana. Takan ɗauki kwana biyu zuwa mako kafin ta kai cikakken girmanta. Bar taga a buɗe saboda warin sabon soso, kuma kada ka yanke mata hukunci a ranar farko. Ajiye rasit da hoton alamar jikinta, ka binciki ɗinki da zif tun kwanakin mayarwa ba su ƙare ba.

Ta ƙwayoyi: idan ta fara kwanciya, ƙarin lita 50 zuwa 100 yakan farfaɗo da ta babba. Wanda yake da tsohuwa mai lafiyayyen ɗinki ya gwada wannan kafin ya sayi sabuwa. Aikin na mutum biyu ne. Kashe fanka, rufe taga, fitar da yara da dabbobi daga ɗakin. Naɗe kwali ya zama mazurari mai faɗin baki kamar santimita 10, ɗaura shi a kusurwar ledar ƙwayoyin da salatif, zura ɗaya bakin cikin buhun, a zuge zif ya matse shi. Ɗaya ya riƙe buhun, ɗaya ya ɗaga ledar a hankali. Ƙwayoyin suna manne wa hannu da tufafi, ɗan fesa ruwa kaɗan a iska ko shafa hannu da danshi yana rage hakan. Zuba rabi, rufe zif, zauna ka ji, sannan ka ƙara idan da buƙata, domin cirewa ya fi zubawa wahala. Waɗanda suka zube a kwashe su nan take da injin zuƙe ƙura ko jiƙaƙƙen tsumma, kada a tura su magudanar ruwa, suna toshe ta. Ragowar a ɗaure bakin ledar a ajiye a inda hannun yaro ba ya kaiwa.